Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Tsokaci Kan Wasan Ultraman Na 1991

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku matasan ma'aikata da wannan mujalla takan faɗo hannunku a ofis, mun san wasu za su yamutsa fuska da ganin kan wannan magana. Za su ce, ashe duk matsalolin da suka dabaibaye mu, na kuɗin makaranta da cunkoson ɗakunan kwana da ɗaukewar wuta, ba su ishi marubutan ƙungiya ba, sai sun koma tonon wani tsohon wasan yara da aka yi a Japan tun ba a haife su ba? Muna roƙo a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe. Maganar amana muka zo da ita, kuma ba mu sami misalin da ya fitar da ita fili kamar wannan wasa ba.

Ga yadda abin ya faro. Wani dare a zangon karatun da ya wuce, bayan mun gaji da bitar darasi, wani abokin zamanmu ya kunna kwamfutarsa ya ce zai nuna mana abin da yaran Japan suke wasa da shi shekaru fiye da talatin da suka shige. Yana da wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, wadda ake kira Super Famicom. Wasan da ya sa mana sunansa Ultraman, kamfanin Bandai ne ya fitar da shi a watan Afrilu na 1991. Wani ƙaton mutum ne mai launin azurfa da ja, yana dambe da dodanni ɗaya bayan ɗaya. Da farko dariya muka yi ta yi, gama tafiyarsa nauyi gare ta, naushinsa kuwa gajere, sai ka ce ɗan damben da ya cika cikinsa da tuwo kafin ya shiga fili. Da aka kai dodo na uku, aka ce mana sunansa Jamila, sai dariya ta ƙaru, domin babu ɗayanmu da ba shi da wata Jamila a danginsa. Amma da aka kashe shi, maimakon murnar nasara sai allo ya nuna dutsen kabarinsa. Ɗaki ya yi tsit. Wane irin wasa ne wannan da zai sa ka yi kisa, sa'an nan ya kai ka ziyarar kabari? Neman amsar wannan tambaya shi ya haifi wannan rubutu.

Asalin Ultraman shirin talabijin ne. Tashar TBS ta birnin Tokyo ta fara nuna shi ranar 17 ga Yuli, 1966, ta rufe ranar 9 ga Afrilu, 1967, bayan kashi 39. Uban tafiyar shi ne Eiji Tsuburaya, gwanin dabarun ɗaukar hoto wanda ya tsara yadda dodon nan Godzilla ya rugurguza Tokyo a fim ɗin 1954. Dabararsa ita ce a sa wa mutum rigar roba, a gina masa ɗan ƙaramin birni, a ɗauki hoto daga ƙasa, sai mai kallo ya ga ƙato mai tsawon mita 40 yana tattake benaye. Labarin kuwa na wani baƙo ne daga can cikin taurari, wanda ya yi karo da jirgin wani jami'i mai suna Hayata bisa kuskure, ya yi sanadin ajalinsa. Don ya biya diyya sai ya haɗa ransa da nasa, suka zama rai ɗaya. Daga nan, duk sa'ad da wani dodo ya fi ƙarfin rundunar masana kimiyya da Hayata yake yi wa aiki, sai ya ɗaga wata 'yar na'ura sama ya rikiɗa ya zama Ultraman. Sai dai ƙarfin wannan gwarzo ba ya jimawa a doron ƙasa. Kowane yaro a Japan ya san minti uku gare shi, kuma akwai fitila shuɗiya a ƙirjinsa wadda takan koma ja tana ƙiftawa idan ƙarfi ya fara ƙarewa. Shirin ya yi tashe ƙwarai, har akwai makon da kashi 42.8 cikin ɗari na gidaje masu talabijin a yankin Tokyo shi suke kallo. An dakatar da shi yana kan ganiyarsa, saboda masu aikin sun kasa cim ma fitar da kashi ɗaya kowane mako.

To, duk inda zukatan yara suka taru, ɗan kasuwa ba ya nisa. Tun a 1966 aka fara sayar da mutum-mutumin dodannin na roba. Da Nintendo ta fitar da na'urar Famicom a 1983, sai kasuwar suna ta sami sabuwar rumfa, kamfanonin kayan wasan yara irin Bandai, wanda aka kafa tun 1950, suka shiga da ƙarfinsu. Yadda cinikin yake tafiya ba ɓoyayye ba ne. Mai shiri yana da suna da fuskar da yara suke so. Mai yin wasa ya biya shi kuɗi ya karɓi lasisi, ya buga fuskar a bayan kwali. Uba ya shiga kanti da ɗansa, yaro ya hangi gwarzonsa ya kafe, uba ya zaro kuɗi ya biya, alhali kuwa babu wanda ya san abin da ke cikin kaset ɗin. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Bugu da ƙari, kuɗin da aka kashe wajen sayen suna daga kuɗin aiki aka yanke shi, kuma tilas ne wasa ya fito kafin shirin ya daina tashe, don haka gaggawa ce ke jan ragama. Misalin da duniya ba ta manta ba shi ne wasan E.T. na kamfanin Atari a Amurka, wanda aka ba mutum guda ya haɗa cikin kimanin mako biyar a 1982 don ya riski kasuwar ƙarshen shekara. Ya yi kwantai. A 1983 aka kwashi tarin kaset ɗin kamfanin da ba su sayu ba, har da shi, aka binne a jujin garin Alamogordo na jihar New Mexico, sai a 2014 aka tono su.

Ra'ayinmu a nan shi ne, duk wanda ya sayi suna ya ɗauki amana biyu: amanar waɗanda suka wahala suka ƙirƙiri labarin, da amanar yaron da ya ba da zuciyarsa tun kafin ya ga kaya. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zana fuskar gwarzo daidai bai kai aski ba, wannan jiƙa kai ne kawai. Askin shi ne a ɗauki ma'anar labari a mai da ita dokar wasa, ta yadda mai riƙe da madannai zai ji a hannunsa abin da mai kallo ya ji a zuciyarsa. Da wannan ma'auni muka auna wasan Ultraman na 1991, muka ga lalle ya yi askin, ko da yake askar ba ta rasa dakushewa a wasu wurare ba.

Mu fara da dokokinsa. Dodanni 10 ne, an ɗauko su daga shirin 1966, tun daga Bemular na kashin farko har Zetton na kashin ƙarshe. Kowane faɗa minti uku ne, in lokaci ya ƙure fitilar ƙirji ta fara ƙiftawa. Akwai ma'aunin ƙarfi mai hawa huɗu wanda yakan cika a hankali, kowane hawa da irin makamin da yake bayarwa, hawa na huɗu kuwa shi ne na hasken Specium, watau wanda gwarzon yake harbawa idan ya gicciya hannuwansa. Duka da shuri da jifa duk suna raunana dodo, amma ba sa kashe shi. Sai ka ƙarar da ƙarfinsa sarai, alamar gamawa ta bayyana, sa'an nan ka harba hasken hawa na huɗu. In ka yi garaje ka ɓarnatar da ma'auninka a kan ƙananan makamai, za ka ga dodo ya galabaita amma ba ka da abin ƙarasa shi, yana farfaɗowa a gabanka, lokaci kuma yana tafiya. Duk yaron da ya taɓa kallon irin wannan shiri ya taɓa tambaya, me ya hana gwarzo ya harba babban makaminsa tun farko kowa ya huta? Shirin bai damu da ba da amsa ba. Wasan ya bayar, kuma bai yi wa kowa lacca ba, dokar kawai ya kafa ya bar ka da ita. Mu da muka fara da dariya, kafin dare ya raba sai ga mu muna ihu muna ƙirga daƙiƙa. A nan muka gane nauyin tafiyar nan da muka raina nauyin ƙato ne, irin wanda mai rigar roba ya nuna a 1966.

Sai maganar Jamila. Da muka nemi kashi na 23 na shirin, wanda Mamoru Sasaki ya rubuta, Akio Jissoji ya ba da umarni, aka nuna a Disamba 1966, sai muka tarar ashe Jamila mutum ne ɗan'uwanmu. Ɗan sama jannati ne da wata ƙasa, wadda ba a faɗi sunanta ba, ta harba a zamanin tseren zuwa sararin samaniya. Kumbonsa ya ɓace, ƙasarsa ta rufe maganar don gudun abin kunya, shi kuwa ya faɗa wata duniya da babu ruwa, wahala ta sauya masa halitta. Ya komo da fushi yana kai hari kan wakilan taron zaman lafiya na duniya a Tokyo. Umarnin da ya zo wa rundunar daga hedkwatarta ta Paris shi ne a kashe shi a matsayin dodo, kada a bari duniya ta san mutum ne. Ultraman ya kashe shi da ruwa, abin da ya yi shekaru yana ƙishinsa, ya mutu yana birgima cikin taɓo kusa da tutocin ƙasashe. Aka kafa masa dutsen tunawa da kalmomi masu daɗi, wani jami'in rundunar mai suna Ide ya tsaya yana jin zafin munafuncin abin. Sunan kansa an ɗauko shi ne daga wata 'yar gwagwarmayar 'yancin Aljeriya da sojojin Faransa suka azabtar, shekaru kaɗan kafin ƙasar ta sami 'yanci a 1962. Ashe sunan da muka yi wa dariya daga nahiyarmu ya tafi, kuma da hawaye ya tafi.

Ku duba fa, 'yan'uwa. Waɗanda suka yi wasan suna da kowace hujja ta kasuwa da za su tsallake wannan dodo. Shirin cike yake da wasu dodannin da babu wani nauyi a kan kashe su. Ko da sun sa shi, suna iya barin sa ya faɗi kamar saura a buga tambarin nasara a wuce, babu uban da zai mai da kaset kanti saboda an ɓoye wa ɗansa kabari. Amma suka ware masa nasa ƙarshe. Sun san yaran 1966 sun zama iyaye a 1991, sun kuma san abin da wannan kashi ya bari a zukatansu, sai suka ƙi cin amanarsa.

Ƙarshen wasan ya fi wannan ma ƙarfin hali. A kashi na 39 na shirin, Zetton ya shanye hasken Specium ya mayar wa Ultraman, gwarzo ya faɗi. Mutane ne, watau jami'an rundunar, suka hallaka dodon da wani sabon makami da masaninsu ya ƙera, wani ɗan'uwan Ultraman mai suna Zoffy kuma ya zo ya tafi da shi gida. Tetsuo Kinjo, babban marubucin shirin, shi ya rubuta wannan kashi. Ɗan asalin Okinawa ne, tsibirin da ya zauna ƙarƙashin mulkin Amurka har 1972, don haka ba mu yi mamaki ba da labarinsa ya ƙare a kan cewa wanda ya dogara da kariyar baƙo, ranar da baƙo ya tafi zai san matsayinsa. Wasan bai sauya wannan ba. Bayan ka sha wahalar dodanni tara, ka raunana na goma, ka harba makaminka kamar yadda aka koya maka tun farko, sai a kayar da kai. Daga nan a miƙa maka makamin nan a hannun ɗan Adam, da harsasai ƙidayayyu, a ce auna ka harba. Ɗan kasuwa ya saba sayar wa yaro nasara. Waɗannan sun sayar masa da faɗuwar gwarzonsa, domin haka labarin yake. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Kada a ce mun rufe ido ga aibinsa. Wasan gajere ne, wanda ya gwanance zai gama shi cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Mutum ɗaya ne yake yin sa, babu damar karawa da aboki, babu damar ka zama dodo. A shekarar da ya fito kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II, wanda ya nuna wa duniya yadda wasan faɗa ya kamata ya motsa, kuma in aka jera su ta fuskar sauri da yawan dabaru, Ultraman ba ya ko kama ƙafarsa. Akwai kuma hujjar da ta fi wannan nauyi. A ƙarshen 1991 Bandai ta kai wasan Amurka da dokoki iri ɗaya, amma ta sauya gwarzo da dodanni, ta sa na wani sabon shirin Ultraman mai kashi 13 da aka ɗauka a Ostireliya. Shirin bai fara fitowa a talabijin ɗin Amurka ba sai a 1992. Yaran can suka karɓi wasan da ba su san labarinsa ba, suka ga ƙato mai nauyin jiki da wata doka ta jiran ma'auni da ba su ga dalilinta ba, kuma har yau ba a tuna shi da alheri a can. Mai suka zai ce, to ga shi nan, wasan da ba ya tsayawa da ƙafarsa sai ya jingina da shiri, gurgu ne.

Mun yarda da rabin wannan magana. Haƙiƙa wasan da ya haɗa biyun, ya riƙe labari kuma ya gamsar da baƙo, ya fi. Amma abin da ya faru a Amurka shaida ce gare mu. Dokoki ɗaya, na'ura ɗaya, kamfani ɗaya, a wuri guda aka karɓe shi hannu biyu, a ɗaya wurin aka yi tsaki. Bambancin shi ne a Japan an sayar wa mutane abin da suka riga suka sani suke ƙauna, aka kuma cika musu alkawari, a Amurka kuwa an kai kaya kasuwa kafin labari ya isa, watau an koma cinikin biri a sama. Mu kanmu da ba mu tashi da shirin ba, dutsen kabarin nan shi ya tura mu neman sa. Wasan da zai sa ɗaliban da jarrabawa ke jiran su su tafi neman shirin 1966 bai yi aikin banza ba.

Saura magana ɗaya, wadda ita ta fi damun mu. Lasisin da ya haifi irin waɗannan wasanni shi ne kuma yake binne su. Yarjejeniya tana da wa'adi, in ya cika ba mai ikon sake sayar da wasan sai an sake zaman ciniki da duk masu haƙƙi, kuma sau da yawa ba wanda ya ga ribar yin haka. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Suna kuwa ba a wasa da shi. Kamfanin Tsuburaya ya shafe fiye da shekaru 20 yana shari'a a ƙasashe dabam-dabam saboda wata takarda mai ɗauke da shekarar 1976 da wani mai shirya fina-finai na Tailan ya fito da ita, yana da'awar an ba shi ikon Ultraman a wajen Japan, har wata kotun Amurka ta yanke a 2018 cewa takardar ba sahihiya ba ce. Doka ta tsaya tsayin daka wajen kare mai suna, wannan kuwa daidai ne. Amma wa ya tsaya wa aikin kansa, da wahalar waɗanda suka yi shi? Mu dai ba za mu ɓoye ba, hanyar da muka bi muka ga wannan wasa ba ta kanti ba ce, kuma ba mu ce hanya ce mai tsabta ba. Abin da muke cewa shi ne, kamata ya yi dokokin haƙƙin mallaka su buɗe wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi ƙofa su adana irin waɗannan ayyuka su kuma nuna wa masu nazari, kamar yadda ake yi da littafin da aka daina bugawa.

Wanda yake ganin wannan matsalar Japan da Amurka ce, ya tuna da wasan ƙwallon da muke kwana a kansa a gidajen gem. Shekaru kusan 30 ana kiran sa FIFA, ranar da ciniki ya watse tsakanin kamfanin EA da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya sai ga shi a 2023 ya fito da sabon suna, aka kuma janye tsofaffin daga kantunan intanet. Ya duba jakar makarantar ƙaninsa da kwanon abincinsa, ya ga fuskar wa ke kai. Mu ma kasuwar suna ce, kullum ana sayar mana da ƙaunarmu. A cikinmu kuma akwai waɗanda suke karatun kwamfuta, da na shari'a, da na adabi, da waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da ake rattaba hannu kan irin waɗannan yarjejeniyoyi. Wata rana wani zai miƙa muku labarin da jama'a suke ƙauna ya ce ku mai da shi wasa, ko fim, ko wani abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Ranar nan ku tuna da mutanen da aka ba su gwarzon yara su yi kuɗi da shi, suka yi kuɗin, amma ba su ɓoye kabarin Jamila ba, ba su kuma hana gwarzon faɗuwa ba. In kuwa ku ne masu saye, ku buɗe kwali ku duba kafin ku yaba, gama ba girin-girin ba, ta yi mai.

Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, ƙaramarta da babbarta. Amin.